Inda Himma Take Aiki a Shekarar Farko ta Karatun Injiniya

Ba a cika ba da gurbin karatun injiniya ga wanda bai yi fice a lissafi da kimiyya tun a sakandare ba, saboda haka ajinmu na shekarar farko cike yake da waɗanda suka saba zuwa na ɗaya ko na biyu a makarantun da suka fito. Da an tare mu a makon rajista an tambaye mu ko muna da himmar karatu, da babu wanda zai ce ba shi da ita. Sai dai abin da ya kawo kowa daban ne. Akwai wanda tun yana yaro yake kwance rediyo ya mayar, akwai wanda iyayensa ne suka zaɓa masa, akwai wanda ya ji an ce injiniya ba ya rasa aiki, akwai kuma wanda likitanci ya nema bai samu ba, aka turo shi nan. Ni suna ne ya ja ni. Ina so a kira ni injiniya, an kuma sha gaya mini cewa ina da kan lissafi, sai na ɗauka waɗannan biyun za su kai ni ƙarshen shekara salin-alin.

Abu na farko da ya rage mana zumuɗi shi ne jadawalin darussa. Mun zo da tunanin injuna da gadoji da wayoyin lantarki, muka tarar da kalkulas, wato lissafin saurin canji, da aljabara da fiziks da kemistiri da zanen injiniya, sai ɗan koyon rubuta manhajar kwamfuta. Babu inda aka ce za mu ƙera wani abu a wannan shekarar. Abu na biyu kuma, wanda ya fi na farko nauyi ko da yake ba mu lura da shi da wuri ba, shi ne babu sauran mai bibiyarmu. A sakandare malami ya san sunanka, yana karɓar aikin gida, yana neman dalili idan ba ka zo ba. A nan kuwa malami zai shigo babban ɗakin lacca, ya gama cikin sa'a guda abin da a da ake ɗaukar mako ana yi, ya raba takardar tambayoyin bita, ya ce kowa ya je ya gwada, kuma babu wanda zai karɓi wannan takarda ko ya duba ko an taɓa ta. Tun daga nan aji ya fara rabuwa, tun kafin a rubuta makin kowa: wasu suna zama su yi ta fama da takardar, wasu suna ninke ta su cusa a cikin littafi da niyyar komawa kanta idan jarrabawa ta matso.

Gwajin farko na kalkulas ne ya tona asirin kowa. Tambayoyin ba su fita daga abin da aka koyar ba, amma babu ko ɗaya da ta yi kama da misalan da aka yi a allo, mu kuwa mun saba da jarrabawar da ake canza lambobi kawai a bar tsarin tambaya yadda yake. Makina bai kai rabi ba, haka ma na mafi yawan ajin. Wasu suka ɗora wa malamin laifi, suka ce da gangan yake kayar da ɗalibai. Wasu suka bazama neman tambayoyin shekarun baya suna haddace amsoshinsu. Wasu kuma suka koma kujerun baya, daga nan aka fara ganinsu jefi-jefi. Ni kuwa sai na tarar son sunan da ya kawo ni ba shi da abin da zai ba ni a wannan hali, har ma ya zame mini alaƙaƙai, domin wanda taƙamarsa ita ce a ce yana da ƙwaƙwalwa, babu abin da yake gudu kamar a gan shi yana tambaya. Na ci gaba da zama ɗakin karatu har dare, amma karatun ya zama na kallo: in karanta tambaya, in ɗan taɓa, da zarar ta cije sai in buɗe shafin amsa, in bi layi-layi ina gyaɗa kai, in rufe littafi ina jin na gane.

A ganina a nan gizo yake saƙa. Ana yawan magana a kan himma kamar wata aba ce da ɗalibi yake shiga ɗakin jarrabawa da ita ta ƙara masa maki, alhali a ranar jarrabawa kowa a zabure yake, da wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba. Aikinta tana yin sa ne makonni kafin nan, a 'yan mintocin da suke biyo bayan tambaya ta ƙi fita. A cikinsu ne ɗalibi yake zaɓar ko ya sake zana abin, ko ya koma ya duba ma'anar dokar da yake aiki da ita, ko ya tashi ya nemi wanda zai tambaya, ko kuwa ya leƙa amsa, ko ya jawo waya. Darussan injiniya kuma a jere suke, kowanne yana tsaye a kan na bayansa. Wanda bai iya raba ƙarfi zuwa na tsaye da na kwance ba, ba zai iya lissafin daidaituwa ba, wanda kuma lissafin saurin canji bai zauna masa ba, darasin motsi da na lantarki duka za su sha masa kai. Ta haka ne ɗan zaɓin da ake yi kowane dare yake taruwa, har ya fito a takardar sakamako ya raba mutum biyu da suka shigo da basira iri ɗaya.

Abin da ya sauya mini akala wata tambaya ce a kan tsani. An ce tsani yana jingine da bango mai santsi, ƙafarsa tana kan daɓe mai kaushi, ma'aunin tirjiya, wato gogayyar da take hana zamewa, tsakanin ƙafar da daɓen 0.5 ne, a nemo mafi ƙarancin kusurwar da tsanin zai yi da ƙasa ba tare da ya zame ba. Ba a faɗi nauyin tsanin ba, ba a faɗi tsawonsa ba, ni kuma na kafe a kan cewa tambayar ba ta cika ba. Da wannan ƙorafi na je wurin matashin malamin da yake kula da bitarmu, domin kai ƙorafi ya fi mini sauƙi a kan in ce ban iya ba.

"Malam, ina ganin akwai abin da aka manta a tambayar nan, domin babu nauyi, babu tsawo."

"Ajiye littafin tukuna," in ji shi. "Zana mini tsanin shi kaɗai, ka cire bangon, ka cire ƙasar. To, gaya mini, me da me suke taɓa shi?"

Na ce bango da ƙasa. Ya ce in sa kibiya a duk inda ake tura shi ko ake jan sa, in ba nauyin da tsawon haruffa tun da ba ni da lambobinsu. Na sa kibiyar nauyi a tsakiya tana kallon ƙasa, ta bango tana turo kan tsanin waje, ta daɓe tana tura ƙafarsa sama, sai ta tirjiya tana riƙe da ƙafar kada ta gudu. Bai karɓi fensirin daga hannuna ba, ya dai tambaye ni daga wane wuri zan auna ƙarfin juyi don in rage yawan abubuwan da ban sani ba. Da na zaɓi ƙafar tsanin na rubuta lissafin, sai na ga harafin tsawo ya fita daga ɓangarorin biyu, na nauyi ma ya bi shi, aka bar ni da digiri 45. Ashe tsani mai nauyi da marar nauyi, dogo da gajere, duk a kusurwa ɗaya za su fara zamewa muddin tirjiyar ɗaya ce. Malamin ya ce: "Ka ga ba a manta komai ba. Yanzu ɗora mutum a kansa, ka riƙa matsar da shi sama, ka ga yadda kusurwar za ta kasance." Babu maki a kan wannan, amma a daren na zauna na yi shi. Na ga yadda haɗarin zamewa yake ƙaruwa yayin da mai hawa yake kusantar ƙoli, daga nan kuma na fahimci dalilin da ya sa ƙa'idojin kare ma'aikata suke cewa a kafa tsani a kusan digiri 75, wato a ja ƙafarsa baya taku ɗaya a kan kowane taku huɗu na tsayi.

A da ina ɗauka sha'awa ce take fara zuwa, sannan iyawa ta biyo ta. Abin da na gani a kaina ya nuna mini cewa sau da yawa iyawar ce take haifar da sha'awar, kuma bayan na fara taimaka wa 'yan shekarar farko da bita, na koma ina karanta abin da masana halayyar ɗan Adam suka rubuta, sai na tarar an daɗe da gano haka. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana cewa yardar mutum da cewa zai iya wani aiki ita ce take yanke yawan ƙoƙarin da zai sa da tsawon lokacin da zai jure idan abin ya yi tsauri, kuma babu abin da yake gina wannan yarda kamar mutum ya yi aikin da hannunsa ya ga ya fita. Yabo da lallashi ba su kai wannan ƙarfi ba. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester kuma sun ce himmar da take tasowa daga cikin mutum tana buƙatar ya ji yana da ta cewa a kan abin da yake yi, ya ji yana ƙwarewa, ya kuma ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Tun a 1971 Deci ya gwada ɗaliban jami'a da wani wasan harhaɗa guntaye don fitar da siffofi, ya ga waɗanda aka biya kuɗi su yi wasan sun rage taɓa shi a lokacin hutunsu bayan an daina biya. Duk da haka ba na cikin masu raina abin da yake tura mutum daga waje. Akwai safiyoyin da babu wata sha'awar kemistiri da ta tashe ni, tsoron maimaita kwas ne kawai da kunyar komawa gida da mummunan sakamako. Irin wannan tsoro yana kai mutum gaban tebur, amma ba ya hana shi leƙa amsa, domin mai tsoro burinsa ya gama ya tashi.

Daga nan na sake tsarin karatuna, ba kuma da wani gagarumin shiri ba. Na daina ajiye littafin amsoshi a kan tebur. Idan tambaya ta cije, ina rubuta a gefen takarda daidai inda na tsaya da abin da na gwada, in bar ta zuwa gobe, idan ta sake ƙi sai in kai ta wurin wani in nuna masa layin da ya gagare ni, maimakon in ce ban gane babin ba gaba ɗaya. Kafin in buɗe sabon babi kuma ina rufe littafi in fitar da dokokin na baya daga ka, wanda ya fi maimaita karatu ciwo tun da yana nuna wa mutum rashin saninsa ƙiri-ƙiri.

Mafi amfani a cikin abin da na yi shi ne shiga wani ƙaramin rukuni da yake haɗuwa da yamma a ajin da babu kowa. Sharaɗinmu shi ne kowa ya gwada tambayoyin shi kaɗai kafin ya zo, kuma wanda bai samu amsa ba shi ne zai riƙe alli. Ranar da na fara tsayawa a gaban allo na kakare, sai wata abokiyar karatunmu, wadda duk ajin ya san ta da ƙoƙari, ta ce: "Kai, ni ma a nan na maƙale jiya, ci gaba mu gani." Jin cewa ita ma tana maƙalewa ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin mai karatu shi kaɗai yakan zaci shi ne kawai abin yake ba wuya. A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman, wanda yake koyar da kalkulas a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya so ya san abin da ya sa ɗalibai baƙar fata suke yawan faɗuwa darasin alhali 'yan asalin ƙasar Sin suna cin sa. Malamai da dama sun zaci ƙarancin himma ne ko raunin shiri. Da ya bi ɗaliban ya ga yadda suke karatu, sai ya tarar baƙar fatar suna da himma sosai, suna kuma ba karatun lokacinsa, amma kowa shi kaɗai yake yi, su kuwa 'yan asalin Sin bayan kowa ya yi nasa sai su taru su duba aikin juna. Ya kafa zaman bita na rukuni a kan tambayoyi masu wuya, sakamakon waɗanda suka shiga ya tashi sosai. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ji malami ya yanke hukunci cewa ɗalibansa malalata ne. Ba kuma kowane rukuni ne abin so ba, na ga waɗanda mutum ɗaya yake yi saura su kwafa, irin wannan kam gara babu.

Akwai kuma inda himma take nan cikakkiya amma ta rasa inda za ta dafa. Wani abokina, wanda babu wanda ya kai shi son injuna a ajinmu, zanen injiniya ya kusa kayar da shi. A wannan darasi ana ba ka hoton abu daga gaba da sama da gefe, da layuka masu tsinke-tsinke da suke nuna gefunan da ido ba ya gani, a ce ka haɗa su a ka, ka zana abin yadda yake a tsaye. Yakan raba dare a kan allon zane, layukansa tsaf, amma siffar ba ta juya masa a ƙwaƙwalwa, har ya fara cewa shi ba a halicce shi da wannan idon ba. Malamin zane ne ya ce ya samo sandar sabulu ya riƙa yanka siffofin da wuƙa, ya ɗora a tebur, ya sunkuya ya kalle su ta kowane ɓangare kafin ya taɓa fensir. Na sha tarar da shi da ɓarɓashin sabulu a kan takarda, yana jujjuya wani ɗan guntu mai tsagi a tafin hannu yana kwatanta shi da zanen. Kafin ƙarshen zangon ya daina buƙatar sabulun. Sheryl Sorby ta Jami'ar Fasaha ta Mishigan, tare da wata abokiyar aikinta, ta fara wani kwas a 1993 domin irin waɗannan ɗalibai, abin da ya fito daga aikin kuma shi ne juya siffa a ka abu ne da ake koya, waɗanda aka horar sun fi samun maki da tsayawa a fannin, musamman mata. Da abokina bai samu wanda ya nuna masa hanya ba, da gwiwarsa ce za ta fara yin sanyi, a ƙarshe a lissafa shi cikin waɗanda ba su dace da injiniyanci ba.

Sakamakon zangon farko ya ajiye ni a tsaka-tsaki, domin makin gwaje-gwajen farko ya riga ya ja ni ƙasa, kemistiri kuwa da ƙyar na tsallake. A zango na biyu, wanda na fara da sabon tsarin tun makon farko, kalkulas da fiziks suka zama mafi kyawun darussana, alhali sa'o'in da nake zama ba su fi na da yawa ba. Ba kowa ne ya kawo wannan lokaci tare da mu ba. Wasu an ce su maimaita, wasu sun nemi canjin fanni da kansu, abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne cikin masu tafiyar akwai waɗanda makinsu ya fi nawa. Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cewa ba wuyar karatun ce ta kore ta ba, ta dai yi watanni ba ta ga abin da ya haɗa allon da take kwafa da aikin da ta zo koya ba, kuma babu malamin da ya san ko tana nan ko ba ta nan. Elaine Seymour da Nancy Hewitt, waɗanda suka yi hira da ɗaruruwan ɗalibai a manyan makarantu 7 na Amurka suka wallafa sakamakon a 1997, sun ci karo da irin wannan: waɗanda suka bar kimiyya da lissafi da injiniyanci ba su gaza waɗanda suka tsaya basira ba, kuma cikin manyan dalilan da suka bayar akwai gushewar sha'awa da rashin kyawun koyarwa. Shi ya sa ba na yarda a jibga wa ɗalibi shi kaɗai alhakin himmarsa. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a kan darussan waɗannan fannoni, suka ga kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa a azuzuwan da lacca zalla ake yi, a inda kuwa ake sa su warware tambayoyi da tattaunawa a cikin aji, adadin bai kai kashi 22 ba.

A ƙarshen shekarar aka raba mana takardar zaɓen sashe. Abokina mai sabulu ya cika injiniyancin injuna ba tare da wani dogon tunani ba, abokiyarmu ta tafi lantarki, ni kuma na zaɓi injiniyancin gine-gine, saboda a duk darussan shekarar lissafin daidaituwar ƙarfi ne kaɗai na tarar ina yi ko ba a sa ni ba. Rukunin namu ya ci gaba da haɗuwa a shekara ta biyu a kan darussan lissafin da suka rage mana na tarayya.